Garwashin Kaka Fatu da Baƙon Cikin Kwamfuta

Ke Fatsuma, ya tabbata, wallahi ya tabbata! Abdurra'uf ba shi zuwa Ikko! Mijin ƙanwata Hadiyya na nan Sabon Birni kusa ga matatai da jaririyatai. Bari in aza ɗana Talha bisa cinya in ba ki shi tun daga tushe, don rabin labari ɗai kunka ji can garin Isa, rabin nan ma ba gishiri.

Kin dai san aikin kwamfuta shika yi ma wani kamfani na Abuja daga gida, kuma gwaji na anka ɗauke shi. To sai sunka ce in ya gama abin da anka ba shi kahin mako shi hita, aiki ya zauna. In bai gama ba, Allah shi haɗa kowa da rabonai. Wannai Yari ko tuni ya aiko daga Ikko, wai ga mashin nan ya aje mashi, shi zo shi yi kabu-kabu. Ga Hadiyya da ɗanyen jego, ko suna ba a yi ba. Duk sa'ad da taj ji an ambaci Ikko sai gabanta shi hwaɗi.

Tun tana da ciki ta sha tambayarshi. "Malam, wai mi kaka nema cikin abin ga, hal tuwo shi huce?"

Yac ce, "Baƙo nika jinya."

Sai yab bayyana mata. Wai cikin kwamfutatai akwai wata kwamfuta wadda ba ta da jiki, ba a taɓa ta da hannu, sai dai a gan ta ta wata 'yar taga bisa gilashi. Ita suka ce ma baƙo, babbar kuma mai masauki. Irin waɗanga baƙi kamfaninsu ka ba mutane haya. Sai baƙin sunka tsiri mutuwa, ana cikin aiki sai ɗif. In baƙo ya mutu, mai masauki na juye duk abin da ke cikin kan mamacin cikin fayil guda, su suna ce mashi damp. Amma in an buɗe, tsibi na kawai, kamar a zube gero da dawa da tsakuwa wuri guda a ce ki nuna wadda tas sa tuwo ƙasa. Dalili, akwai wata aba cikin baƙon da aka ce ma kanel, ita ta uwar ɗaki, ita ka ba kowane aiki wurin zamanai, kuma duk tashin da baƙo yay yi sai ta sake ma kayanta wuri don gudun ɓarayi. Aikin Abdurra'uf shi na shi sa kanel ta raɗa ma mai masauki inda ta aje komi tun tana da rai, shi kuma shi liƙa bayanin jikin damp.

Hadiyya tac ce, "Wato kamar zanen Gobir. Ko kasuwar Maraɗi anka tsince ka, huskarka ta hwaɗi gidanku."

Yay yi dariya yac ce kusan haka na.

Ya gama haɗa abin, hal ya kashe baƙon da kainai don gwaji, ya ga bayanin ya liƙu. Amma ogarsu, wata injiniya, tac ce ba wannan taka so ba. Mutuwar gaskiya taka so, irin wadda ka kama baƙinsu na Abuja, a karanta a ga mi yak kawo ta. Sai yat tada baƙo guda cikin kwamfutatai, yal labta mashi aiki, yaz zauna jira. Kwana da kwanaki baƙo lahiya lau, ko tari bai yi ba.

Kakarmu Fatu, da taz zo daga Gangara wankan jego tunda hanya ba ta bari a kai Hadiyya gida ba, ita taj ji shi da sahe shina cewa, "Allah ka sa baƙon ga shi mutu yau."

Tas saki ludayi. "A'uzubillahi! Angona, ni kaɗai ta baƙuwa gidan ga. Ni kaka roƙo ma?"

"Haba amaryata, in kin mutu wa za shi gasa min mata da garwashi hal ta nuna?"

"Ɗan banza. Kai ma haka anka gasa uwarka, shi yas sa kah hito da babban kai."

Ran nan na ya zama dole shi hita. Kin dai san an ɗauke sabis duk yankinmu, mai son waya sai shi hau mashin shi nuhi Burkusuma, shi laluɓi na Nijar bisa tudu. Oga na jiran bayani, in taj ji shiru ta ce ya gudu. Kwamfutar ko ɗakin Hadiyya take, bisa akwati, don can batirin sola yake. Yad durƙusa bakin gado yan nuna mata.

"Kada a kashe ta, kada a ruhe murhinta. Wayar caji kada ta daɗe waje, batirinta ya tsuhwa. In kin ga rubutun tagar ga ya tsaya cak, wani layi ya hwara rarrahe daga hagu zuwa dama, baƙo ya mutu ke nan, mai masauki na juyewa. Ki bar ta hal layin shi kai ƙarshe. In mai masauki yam mutu kahin nan, an yi biyu babu, kuma ba sauran kwanakin da za a sake."

Tac ce, "Malam, kai dai ka dawo da rana tsaka. Kada ka bi ta hanyar fadama."

Yat tahi. Taj ji kukan mashin hal yab ɓace, tay yi ta addu'a cikin ranta.

Da hantsi Kaka taj ja ta bayan ɗaki wanka. Ruwa na tahwasa, ganyen dogon yaro na tsula mata shi ga jiki, tana cije baki. Ana cikin haka sai ga sallama, mata 'yan barka. Kaka tac ce ta ƙarasa ta sa kaya, ita ta je ta tarbe su.

Sa'ad da Hadiyya tash shigo, jiki na turiri, ta ishe mata cike da tabarma, ana ta miƙa jaririya hannu zuwa hannu. An ruhe taga an cusa tsumma, kaskon garwashi na ƙarƙashin gado ja wur, ɗakin kamar tanda. Tad dubi bisa akwati. Ba kwamfuta. Sai wani tudu na bargon Kaka mai kauri, an ninka shi biyu an lulluɓe.

Nan da nan tag gane dalili. Cikin matan akwai Kadijatu maƙwabciyarsu. Ba muguwa ba ta, Allah ya sani, amma abin da tag gani da hantsi kahin azahar ya kai bakin kasuwa. Kuma kin san zamanin ga. A ce gidan wane akwai abu mai tsada, yau a hwaɗa kasuwa, gobe mutanen daji sun ji. Kaka ba wauta tay yi ba.

Hadiyya taz zauna bakin gado tana amsa barka, "Barka kade, Allah shi raya," amma kunnenta na ga akwati. Wani kuka ka hitowa ƙarƙashin bargon, siriri, kamar injin niƙa daga wata shiyya. Tun da Malam yak kawo abin gidan ba ta taɓa jin ya yi irinai ba.

Kadijatu tak karkata kai. "Wai mi ka kuka ɗakin ga? Ko kyanwa ta haihu ita ma?"

Kaka tac ce, "Cikinki na, ɗiyan nan. Tun ɗazu nika jinai."

Anka yi dariya. Hadiyya tam matsa kamar za ta ɗauki ɗankwali, taz zura hannu ƙarƙashin bargo. Sai da taj janye shi. Zahi kamar bayan tukunya. Tat tuna Malam ya taɓa cewa abin na da hancin da shika numfashi ta ƙasa, in yaj ji zahi ya yi yawa sai shi kashe kainai.

Tar raɗa ma Kaka, "Kaka, za ta mutu."

"Ƙarhe na mutuwa? Zauna ki ruhe ƙirjinki. In Kadijatu tag gan ta, mu na za mu kwana da ido biyu."

Taz zauna. Kukan yaƙ ƙaru. Jaririya tah hwara nata, anka miƙo ta, tas sa mata nono. In ta yaye bargo, gari ya ji. In ta bar shi, mai masauki ya mutu, Malam ya hau motar Ikko. Matan ko ba su da niyyar tashi, an shiga zancen wadda tas sai da akuyarta don ankon biki.

Sai tam miƙa ma Kaka jaririya tat tashi. Tab ba su baya, taz zare wayar caji, tar runguma tudun nan gaba ɗai da bargonai, a hankali don kada murhi shi ruhe.

"Ina za ki, maijego?" in ji Kadijatu.

"Shanya za ni yi."

"Maijego da shanya, muna zaune? Kawo in kai miki." Hal ta miƙo hannu.

Hadiyya tas sadda kai ƙasa. "A'a Yaya Kadijatu, akwai nawa ciki. Na jego."

Kadijatu tam maida hannunta. Wa ka taɓa wannan?

Tah hita da sauri tan nuhi rumhwar da randa take, inda anka zuba rairayi aka jiƙa shi kullum. Duk gidan ba inda yak kai nan sanyi. Tash shimhiɗa faifai bisa rairayin, ta aza kwamfutar, tay yar da bargo, taɗ ɗauki mahuci tay yi ta hihita kamar mai hura wutar ɗanyen icce. Tana hihita tana salati. Sannu sannu kukan yas sauka.

Ba ta gama ajiyar zuciya ba tad dubi gilashi. Rubutun 'yar tagar nan, da ka gudu tun kwanaki kamar tururuwa, ya tsaya cak. Ƙasa gare shi ga wani layi ya ɗan leƙo daga hagu.

Baƙo ya mutu.

Da hwari daɗi yak kama ta, hal ta kusa guɗa. Sai wani tunani yas soke ta. To in zahi na yak kashe shi hwa? In su na sunka gasa shi da garwashi da bargo? Ai ba wagga mutuwa Malam ka nema ba. Sun ɓata mashi kwanakin jira ke nan, a banza. Tana cikin haka idonta yak kai can lungun gilashi, ga alamar batir ta yi ja. Layi ko rarrahe shikai kamar hawainiya, ko rabi bai kai ba. Wayar caji na ɗaka, tsakiyar mata.

Sai ga Kaka da mayahi a hannu tana hwaɗa. "Ke wace irin ɗiya ta? Ɗanyen jiki bisa jiƙaƙƙen rairayi! Sanyi shi shige ki, ni za a zaga, a ce Fatu ba ta iya jego ba!"

Hadiyya taɗ ɗago kai, hawaye shaɓe-shaɓe. Tan nuna da yatsa. "Kaka, kin ga layin ga? In bai kai nan ba abin ga yam mutu, Malam Ikko za shi. Ke ma in arba'in ta cika Gangara za ki koma. Ni da wa za a bari?"

Kaka tad dubi layin. Ita ta san cin rani. Sa'ad da Kakanmu yat tahi kudu, goyon da yab bari ga baya da ƙahwatai yat tarbe shi, kuma bai san ko wane na ba.

Tac ce, "Mi shika ci, abin?"

"Wuta. Waya na ɗaka."

"Share idonki."

Kaka tak koma bakin ƙohwa tak kwaɗa murya. "Kai jama'a, ku hito ku gane min ragon sunan ga! Ni dai na ce an cuci angona, an sai mashi kare da ƙaho. Kadijatu, ke da kinka san kasuwa, zo ki taɓa ki hwaɗi gaskiya."

Wa za shi hana Kadijatu taya rago? Duk sunka zubo waje sunka yi bayan gida wurin turke. Hadiyya tas sunkuci kwamfuta tal lallaɓa ta jikin bango tash shige ɗaka. Sai da tay yi ta soka wayar tana kuskure rami kahin ta shiga. Jan nan yak koma kore. Ta aje ta ƙasa bayan akwati.

Ba a jima ba kukan yas sake tasowa, ɗakin bai huce ba. Kaka tash shigo taj ji. Tad dubi kasko, tad dubi Hadiyya, tad dubi ƙarhen. Ke Fatsuma, tsohuwar ga da tay yi ma mata jego tun ba a haihi uwarmu ba, ba ta taɓa hidda wuta ɗakin maijego da rana tsaka ba. Ran nan da hannunta taj jawo kasko tak kai waje, tac cire tsumman taga. Sannan tan naɗe Hadiyya da bargo hal wuya, taƙ ƙara mata da zanenta, tana ƙunƙuni, "In kinka yi atishawa ɗaya, tsakar gida za ni jehwa shi."

Taɗ ɗauko kwandon kaba tak kihe bisa kwamfutar, yadda aka ma 'yan tsaki, iska na shiga ido ba shi shiga.

Mata sunka dawo ana gardamar rago. Kadijatu tag ga kwando. "Mi ag ga nan?"

"Tsaki na," in ji Kaka. "Shirwa ta hana su sakat."

"Ba su ko kuka?"

"Sun hi ki hankali."

Sai bayan azahar sunka watse. Hadiyya taɗ ɗaga kwando. Layi ya kai ƙarshe, ya tsaya. To amma hankalinta bai kwanta ba ko kaɗan. Ga tunanin ko su sunka kashe baƙo, ga Malam shiru. Rana tak karkata. Anka kira la'asar. Duk mashin ɗin da yab biyo lungu sai ta ɗaga kai, shi wuce. Kunun kanwa yah huce gabanta. Kaka na jan tasbaha bakin ƙohwa, ta bar tsiya gaba ɗai, wannan ma shi yah hi ba Hadiyya tsoro.

Gab da magariba sai ga shi, ƙura hal gira. Wai an ce hanya ba lahiya, sunka laɓe wani ƙauye hal masu mashin sunka taru sannan sunka biyo juna. Ko ruwa bai sha ba yac ce, "Ina baƙo?"

Hadiyya tac ce, "Ya mutu, Malam. Layin ma ya kai. Amma tsaya ka ji." Taz zayyana mashi komi, bargo da garwashi da randa. Huskatai tac canza. Yaz zauna ƙasa yaj jawo kwamfutar bisa cinya.

Tana leƙe ta bayan kahwaɗatai. Ta sha ganin shi buɗe damp can baya, lambobi ɗai ka zubowa, shi yi tsaki shi ruhe. Wanga karon yab buga 'yan kalmomi, abin yay yi jim. Jim ɗin nan, in ji ta, ya hi naƙuda tsawo. Sai ga sunaye suna jeruwa layi bisa layi. Bayanin da kanel tar raɗa ya liƙu, komi ya hito da sunanai, wane aiki na ka tahiya, wa yak kira wa, hal inda numfashi yat tsaya. Yab bi da yatsa daga ƙasa zuwa bisa, leɓenai na motsi.

Kaka ta kasa haƙuri. "Angona, hwaɗi mana. Ni nik kashe shi?"

Yay yi wata ajiyar zuciya. "Ba zahi yak kashe shi ba. Ga shi nan rubuce. Ayyuka biyu na sunka kai hannu wuri guda, ɗaya ya ɗauke kujera, ɗaya ya zo zama. Ciwon da muka nema ke nan." Yad dahe kai, sai kuma dariya tak kubce mashi. "Kuma ina zato, zato ɗai nika yi, da zahi yay yi ma mai masauki yawa sai yar rage sauri don shi tsira. Rage saurin nan na yas sa sunka yi karo. Da ba haka ba ƙila hal mako shi hita baƙon na nan garau."

Kaka tag gyara ɗaurin ɗankwali. "To. Kwana nawa kana roƙon Allah, garwashina ya yi maka cikin hantsi guda. Ka hwaɗa ma matar nan ta Abuja akwai injiniya Gangara, goro taka ci, hwari."

Hadiyya dai kuka tas sa, jaririya tat taya ta, Kaka tat tahi ɗebo sabon garwashi tana cewa an gama wasa.

Wanshekare da sahe yas sake bin hanyar Burkusuma, Hadiyya tas sake zaman jiran kukan mashin. Yat tura ma oga abin da yak karanto da abin da yah haɗa. Yac ce yana tsaye bisa tudun nan amsa taz zo. Aiki ya zauna, kuma za su sa abin nashi cikin duk baƙinsu.

To kin ji. Suna na nan ranar Asabar in Allah ya kai mu, ragon ma ba kare ba na, Kadijatu da kanta ta yaba shi. Ki hwaɗa ma Inna, ki hwaɗa ma sauran dangi su Ruƙayyatu, a aika ma Yari in an samu mai zuwa wurin sabis. Amma don Allah na gida ɗai za ki ba zancen kwando. Na waje ki ce masu dai mijin Hadiyya ya hwasa tahiya, tsaki shika kiyo.